Mai Furfura ta Garkar Kawu

Duk faɗin ƙasar Faransa, daga bakin teku har gindin duwatsun ƙanƙara, babu mahalukin da ya san Kawu kamar yadda na san shi. In ya yi tari a Lyon, ni a Paris nake cewa sannu. In ya ɗaga gira, na san ko shayi yake so ko so yake in rufe bakina, ko da yake galibi na biyun ne. Haka na faɗa wa mutanen da na ɗauko a motata ranar da muka kama hanyar zuwa ta'aziyyarsa, na faɗa na sake faɗa, tun daga Montreuil, unguwarmu ta gefen Paris, har muka hango hayaƙin Saint-Fons, unguwar Kawu ta gefen Lyon. Babu wanda ya musa mini. Ba a musu da direba a kan otorut, babban titin da mota ke gudu.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawu wan mahaifiyata ne, shi ya ɗauko ni daga ƙauyenmu na kudancin Damagaram ya kawo ni ƙasar nan, kuma ya rasu a ƙarshen watan Satumba bayan jinyar ƙirji da ta daɗe tana binsa a hankali.

Da muka hau benensu na bakwai, takalma muka fara tararwa, tun daga bakin lasansar, na'urar nan ta hawa bene, har ƙofar gida, sai da na yi tsalle-tsalle kamar mai ƙetare kunyoyi. A ciki kuwa ba masaka tsinke. Na samu wuri na durƙusa, aka yi addu'a aka shafa, na gyara murya zan fara ba da labarin yadda Kawu ya tarbe ni a tashar jirgin ƙasa da manto, rigar sanyin nan mai kauri, ya yafa mini da hannunsa don ni ɗan ƙanwarsa ne. Ban kai ga buɗe baki ba wani injiniya ɗan Tawa, mai tabarau, ya share hawaye ya ce:

"Ni ranar da na sauka Lyon, wannan bawan Allah ne ya tarbe ni da manto. Bai san ni ba, bai san ubana ba."

Wani ɗan kasuwa Bakano da ke kusa da ni ya ce, "Allahu Akbar. Nawa ruwan ƙasa ne. Yana nan har yau a gida, yara ma sun san ba a taɓa shi."

Sai ɗaliban jami'ar Villeurbanne ta nan gefen Lyon da ke jere a jikin bango suka shiga ɗaga hannu ɗaya bayan ɗaya kamar ana kiran suna a ajin lakol, makarantar boko. Wannan ya ce nasa baƙi ne, wancan ya ce nasa hannun ya yi masa tsawo. Ashe duk bazara Kawu yana yawon kasuwar gwanjo yana tara mantoci a ƙarƙashin gado, yana jiran masu zuwa a farkon sanyi. Shekara ashirin da wani abu ina jin nawa shi kaɗai ne a duniya. Na haɗiye labarina, na ce Allah Ya jiƙansa.

Can sai ga wani tsohon Bature a bakin ƙofa, hularsa a hannu, yana neman inda zai ajiye takalmansa. Ɗan Fotigal ne, tsohon magini, shi ke da garkar da ke jikin ta Kawu a filayen da ake ba ma'aikata su yi shuka a bayan gari, kusa da layin dogo. Bai san yadda ake zama a tabarma ba, aka kawo masa kujera, ya ƙi, ya lallaɓa ya zauna a ƙasa gwiwoyinsa na ƙara. Da aka ɗaga hannu shi ma ya ɗaga. Da aka shafa ya tsaya yana kallon tafukansa. Daga nan ya tambaya da Faransanci wa zai ɗauki kameliya.

Yawancin mutanen ɗakin ba su san mece ce kameliya ba. Wani ma ya ɗauka sunan wata 'yar Kawu ce da ba a sani ba. Alhali shukar fure ce da ke garkarsa, wadda Kawu ke kira Mai Furfura.

Autar Kawu ce ta leƙo daga wajen mata. Taubashiyata ce, ni ɗan mace ita ɗiyar namiji, tun tana goye muke tsokanar juna. Ko a gaban wa, ba ta kirana sai da bawanta. A nan Lyon aka haife ta, a lokacin tana karatu a Villeurbanne, tana zaune a ɗan ɗakin ɗalibai wanda in ka yi miƙa sai ka taɓa bango biyu. Idanunta sun kumbura, amma da ta gan ni sai ta ce:

"Bawana, ka iso? Inna ta ce in faɗa maka, Baba ya ce a kai Mai Furfura gidanka."

Na dubi injiniyan, na dubi Bakanon, na dubi ɗaliban nan da mantocinsu. Allah Ya yafe mini, a tsakiyar zaman makoki sai da na ji ƙirjina ya buɗe. Manto kowa ya samu. Mai Furfura kuwa ɗaya ce.

Kwana kaɗan bayan haka aka sa Kawu a jirgi, maza biyu suka raka shi gida, aka rufe shi kusa da iyayensa kamar yadda ya roƙa. Ya huta. Amma nan, ƙasar da ya yi fiye da rabin rayuwarsa, ba a bar ko tudun ƙasa da za a nuna a ce ga shi nan ba. Garkarsa an ce a mayar, akwai masu jira. Sunansa da ke jikin akwatin wasiƙu wata rana za a ɓamɓare. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, ni da ban taɓa rubuta abin da ya wuce adireshi a jikin kwali ba.

Bari in faɗi yadda aka yi Kawu da Mai Furfura suka haɗu.

A farkon shekarun dubu biyu ne, Kawu yana dawowa daga aiki ya gan ta a bayan wani kantin furanni, an jefar da ita cikin fasasshiyar tukunya. Tsayinta bai wuce kamu biyu ba. Ganyenta kore ne mai ɗan toka-toka, amma gefen kowane ganye fari ne, kamar an tsoma shi a nono. To manomi in ya ga fari a ganye me zai ce? Cuta. Kawu ya rungume ta ya kai garka ya shiga yi mata magani irin na gida. Ya zuba mata tokar murhun shayinsa. Ya samo kashin tumaki daga gonar da muke yanka layya. Ya ajiye ta a tsakiyar fili inda rana ta fi ƙarfi, don a wurinmu abin da rana ba ta warkar ba sai Allah. Kullum yana ɗura mata ruwan pampo. Farin bai tafi ba, koren ne ya tafi. Ta koma rawaya kamar mai shawara.

Tsohon maginin nan ya leƙo ta kan shinge ya daka masa tsawa, wai kashe ta yake yi. Kawu ya miƙe da hauya a hannu ya ce:

"Ni za ka koya wa noma? Ni da aka yanke mini cibi a gona?"

Suka yi ta yi, shi da Faransancin Damagaram, wancan da Faransancin Fotigal, babu mai jin rabin abin da ɗan'uwansa ke faɗi. Damina guda ba su gaisa ba. Wata safiya Kawu ya zo ya tarar da buhun baƙar ƙasa a bakin ƙofar garkarsa, ba sallama ba saƙo. Ya daɗe a tsaye yana kallon buhun. Daga baya ya dafa shayi ya miƙa kofi ɗaya ta kan shinge. A nan aka yi sulhu. Tsohon ya nuna masa cewa farin nan ba cuta ba ne, da shi aka haife ta. Toka guba ce a gare ta. Ruwan pampon garin nan, mai barin farin dutse a gindin buta, shi ke shaƙe ta. Ƙasa mai tsami take so, irin ta ƙarƙashin itatuwan daji, da ruwan sama, da inuwar da haske ke ratsawa. Suka sake mata gida a cikin rabin tano, irin gangar katakon nan, suka ja ta gindin shinge. Ta yi shekara tana tunani, sannan ta yarda ta rayu.

Tun daga ranar Kawu ya samu maganar da ya riƙa faɗa mana har ya bar duniya. In aka kawo masa ƙarar wani yaro da ya ƙi abincinmu, ko wata suruka Baturiya da ba ta iya durƙusawa ba, sai ya ce:

"Ku bi a hankali. Akwai wanda toka ke kashewa. Ba raini ba ne, ƙasarsu ce daban."

Shi ya sa mata suna Mai Furfura. Ya ce su biyu ne suka yi furfura a ƙasar mutane.

Duk wanda ya san Kawu ya san mutum ne mai tsoron sanyi. Wando uku yake sawa tun daga Oktoba, in ka gan shi a Janairu sai ka ce katifa ce ta fito yawo. Amma in hadari ya haɗu, kowa na gudu ciki, shi waje yake gudu. Ya hau bas da bokitai ya tafi garka ya jera su. Yana da tanon ruwan sama da ya yi wa marfi da kwaɗo. Alwala da ruwan pampo yake yi, na sama na Mai Furfura ne. Wata bazara mai zafi Inna ta samu makullin ta ɗebi bokiti biyu ta ba kuɓewarta da ta fara langaɓewa. Ranar ina nan, na zo hutun mako. Kai, jama'a! Na ga faɗan 'yan dambe, na ga faɗan 'yan tasha, ban taɓa ganin faɗan da aka yi da murya ƙasa-ƙasa ya tsorata ni kamar wannan ba.

Inna ta ce, "Malam, abin da ba a miya da shi, ba a magani da shi, ko akuya ta gani sai ta kau da kai, shi zai sha ruwan sama kuɓewata ta mutu?"

Kawu ya ce, "Hajiya, duk abin da ke garkar nan na ciki ne. Yakuwa ta ciki, albasa ta ciki, ni kaina aikin ciki ya kawo ni ƙasar nan. Ki bar mini abu ɗaya na ido."

Inna ta juya ta bar shi. Amma daren nan miyar kuɓewa ta yi, ta zuba masa, ta tsaya a kansa har ya cinye.

Ba zan ce Kawu ba shi da tauri ba, don ta'aziyya ba ta halatta ƙarya, ko ga irina. Yana da shiru mai nauyi, wanda in ya sauke maka shi sai ka gwammace duka. Wata rana na same shi da almakashi yana shirin yanke wani reshe na Mai Furfura. Reshen nan shi ya fi kowane ƙarfi, ya yi tsawo ya wuce 'yan'uwansa, ganyensa kore shar babu ɗigon fari. Na riƙe masa hannu na ce, Kawu, lafiyayyen za ka yanke ka bar masu ciwo? Ya ce irin wannan reshen in aka bar shi, 'yan shekaru kaɗan ya cinye gida, ta koma kore gaba ɗaya ta manta da furfurarta. Ya datse shi daga gindi. Ni kuma da bakina da ba ya jin birki na ce:

"To haka za ka yi wa Auta? Ka yi mata Hausa ta mayar maka da Faransanci?"

Wasa nake. Bai yi dariya ba. Ya goge almakashin a wandonsa na sama, ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce:

"Mutum ba icce ba ne. Da icce ne da na huta."

Gaskiya tsakaninsa da Auta magana ba ta da yawa. Yana sonta kamar ransa, amma ya tashi a inda uba ba ya zama hira da ɗiya, ita kuma ta tashi a inda in uba bai yi hira da kai ba ana cewa ba ya sonka. A gida sai "kin yi salla?" da "kin ci?" A garka kuwa bakinsa ba ya rufuwa. Yana tsugune gaban Mai Furfura yana ba ta labarin ƙauye, da wanda ya mutu, da wanda ya yi aure, da abin da shef, ubangidansa, ya faɗa masa a wurin aiki. Auta tana ƙarama tana zaune a kan bokiti a bayansa kamar tana wasa. Ita da kanta ta gaya mini daga baya, rabin Hausarta a nan ta tsince ta. Shi ya sa in tana magana sai ka ji kamar wani tsoho ne ke lallashin shuka.

Abin da ya fi ba Kawu sha'awa da Mai Furfura shi ne lokacinta. Sai ganyen itatuwa sun zube, garkoki sun koma kufai, rana ta fara rowa, kowa ya sunkuyar da kai cikin manto, sannan ita take buɗewa. Daidai lokacin da a gida ake kaka, ana ɗaure dammunan hatsi. Furenta fari ne da ɗan ja-ja a baki, tsakiyarsa rawaya, ba ya daɗewa yake zubewa wani ya buɗe, haka har cikin Disamba. Kawu ya ce ita ce kakarsa.

Sai dai bai taɓa jin ƙamshinta ba. Shekarun da ya yi a izin, masana'antar sinadarai, sun tafi da hancinsa tun kafin su haɗu. Turare da albasa duk ɗaya ne a wurinsa. Don haka duk shekara in furen farko ya buɗe sai ya nemo wanda zai shinshina masa. Ni na sha yi. In sunkuya in ja numfashi in ɗago in ce:

"Kawu, wallahi in ka haɗa turaren Makka da na Madina da na amaren Agadas, ka zuba zuma, ba su kama ƙafarta ba. Wannan ƙamshin ko gawa ta ji sai ta yi atishawa."

Sai ya ce, "Tashi, maƙaryaci. Kira mini Auta."

Auta ta zo ta sunkuya, ta ɗago, ta sake sunkuyawa. Ta ce, "Baba, ba shi da ƙarfi. Kamar ƙasa in ruwan farko ya taɓa ta. Da ɗan ganyen shayi wanda ba a dafa ba."

Kawu ya lumshe ido ya ce, "Haka ne." Kamar ya ji. Duk shekara tambaya ɗaya, amsa kusan ɗaya, kuma ina jin ita ce hira mafi tsawo da suke yi a shekara.

Sau ɗaya ya taɓa zuwa gidana na Montreuil, bayan na samu hawa na ƙasa mai ɗan tsakar gida a baya. Harkar aika kaya gida nake yi, tsofaffin firji da tayoyi, kuma a lokacin kasuwa ta yi mini murmushi. Na nuna masa salon, na nuna masa talabijin mai faɗin ƙofar masallaci, na nuna masa kujerun da in ka zauna sai an jawo ka. Ya ce madalla. Da safe na neme shi na rasa, sai na same shi a tsakar gida cikin wandunansa uku. Ya tambaye ni ina gabas. Na nuna masa, na ce ai ga dadduma a ciki. Bai kula ni ba. Ya dafa dogon bangon da ya tare wurin, ya ɗaga kai ya kalli indararo, ya tsaya har hantsi yana duban inda haske ke sauka. Sannan ya ce, "Ka yi sa'ar gida." Shekara guda ina faɗa wa mutane Kawu ya zo ya ga arzikina har ya kasa magana.

Da ciwo ya kwantar da shi a gidan likita, ƙarshen bazara ne, lokacin da Mai Furfura ke ɗaure ƙullin furenta, ƙanana masu tauri kamar gujiya. A wannan lokacin ba ta son ƙishi ko na yini ɗaya. Auta ce ta riƙa hawa bas bayan darasi tana zuwa ba ta ruwa, ta ɗauki hoto a waya ta kai masa. Bana ta ɗaure ƙulli fiye da kowace shekara, reshe har yana sunkuyawa. Yana kallon hoton da robar iska a hancinsa, ya ce mata:

"In ta buɗe ki shinshina mini. Kada ki bar wancan ya riga ki, ƙarya zai yi."

Ta ce to. Ita ce magana ta ƙarshe mai tsawo da suka yi.

Ranar da muka je ɗaukar Mai Furfura, mu huɗu muka ɗaga rabin tanon nan, kuma na rantse ya fi gawar raƙumi nauyi. Tsohon maginin yana biye da mu har bakin mota yana ta bayani, yana nuna sama, yana nuna ƙasa, yana kaɗa yatsa. Na dafa kafaɗarsa na kira shi da Malam irin na Faransanci na ce, Mushe, kwantar da hankalinka, ni jikan manomi ne, sandar tsintsiya in na dasa sai ta yi 'ya'ya. Ya dube ni wani iri, kamar ya taɓa jin wannan waƙar a wani wuri. Auta ta shafa ganyen ta ce za ta zo Paris a Nuwamba in an fara buɗewa.

"Bawana, in ganye ɗaya ya faɗi, kunnenka ɗaya."

A Montreuil muka sauke ta a tsakar gida gindin bango, ba don dabara ba, don a nan ƙarfinmu ya ƙare. Mako biyu tana nan lafiya lau, ƙullin nan suna ta kumbura, wasu har sun fara nuna ɗan ja a baki. Ban yi mata komai ba. Ruwan sama na sauka, ni ina wucewa in ce mata sannu.

Sai wata safiya a ƙarshen Oktoba na fito na ga gilashin motata ya yi fari da ƙanƙara. Sanyi ya shiga mini har ɓargo. Na waiwaya na ga Mai Furfura tsaye a waje, ita kaɗai, raɓa na ɗiga daga ganyenta. Wallahi Kawu na gani. Mutumin da ya tufatar da rabin 'yan Nijar na Lyon, a ce amanarsa ta kwana a waje tsirara a gidana? In mutane suka ji me za su ce? Mu da aka haifa a rana, a wurinmu ƙauna ita ce ka jawo naka ciki ka rufe shi. Na kira maƙwabta muka ja ta har salon, na matsar da kujerun alfarma, na ajiye ta jikin ƙarfen shofaj mai ɗumama ɗaki inda ya fi ɗumi. Na ɗauko manton da Kawu ya ba ni na naɗe tanon da shi. Safe da yamma ina ba ta ruwa mai ɗumi daga buta, don kada sanyin ruwa ya kama ta. Maman yara ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce:

"Shekara nawa tana waje a Lyon, wa ya gaya maka ta yi mura?"

Na ce mata ita ba ta san Kawu ba.

Da farko ƙulli ɗaya na tsinta a kan kafet, na ce iska ce. Washegari na tsinci tafi guda. Na ƙara ruwa, na ƙara wuta. Ba su buɗe ba, ba su bushe ba, haka suke faɗowa da ƙwarinsu, tim, tim, kamar ana zubar da tsakuwa. In na taɓa reshe sai su zubo mini a hannu. Ganyen ya fara bi. Na buga wa tsohon maginin waya. Na gaya masa inda take. Sai ya ce abin da yake ta faɗa mini ke nan a bakin mota. Sanyin kaka ba ya kashe ta, shi take jira ta buɗe. Ɗumin ɗaki da busasshiyar iska su ne ajalin furenta. Ya ce in fitar da ita yanzu, ya ajiye waya ba sallama.

Ban kai ga tara masu ɗauka ba aka buga ƙofa. Auta ce, da 'yar jakarta a baya. Ta ce ta kasa jira, ta ga hutun kwana biyu ta hau jirgi.

Ta tsaya a bakin salon. Ta ga manton ubanta a jikin tano, ta ga rassa, ta ga kwanon shan da na tara ƙullin a ciki don na kasa zubarwa. Na buɗe baki in yi abin da na saba, in ce wani abu da zai sa a yi dariya, na lalubi cikina kaf ban samu ko ɗaya ba. Ta durƙusa ta ɗauki ƙulli ɗaya daga kwanon, ta ɓare shi da farce. Farin furen na ciki a naɗe, bai gama zama ba. Ta kai hanci. Ta daɗe. Ta ɗauki wani ta ɓare, ta sake kaiwa.

Ta ce, "Ba ya ƙamshin komai."

Sannan ta miƙe ta cire manton ta ninke shi da kyau ta ajiye a kujera, ta ce, "Yaya, kama mu fitar da ita."

Yaya. Tun da aka haife ta ba ta taɓa kirana da wannan sunan ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Mu uku da maman yara muka ja tanon a kan tsohon bargo har gindin bango. Auta ta kafa bokiti a ƙarƙashin indararo, ta juye ƙullin da ke kwanon a aljihun jakarta, ta koma Lyon a jirgin yamma ko abinci ba ta ci ba.

Yanzu da nake rubutun nan Mai Furfura tana waje. Rabin ganyenta ya tafi. A ɓangaren da ya kalli taga lokacin tana ciki, inda ɗan sanyi ke shigowa, akwai 'yan ƙullin da suka rage. Ba su faɗi ba, ba su buɗe ba. Kullum da safe ina fita in tsaya nesa da ita, hannuwana a aljihu. Tsohon maginin ya ce mai yiwuwa ta rayu, baɗi ta sake ɗaurewa. Amma na baɗi ba su ne waɗanda Kawu ya gani a hoto ba, kuma ni da Auta duk mun san haka. Na aika mata hoton waɗanda suka rage. Ta amsa da kalma biyu, ta gode.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya tufatar da shi kamar yadda ya tufatar da 'ya'yan mutane. Allah Ya mayar masa da hancinsa a inda ƙamshi ba ya ƙarewa. Mu da muka rage Allah Ya ba mu haƙurin barin abin da ba mu gane ba.

Makon jiya na tafi Saint-Fons in gai da Inna, tana cikin takaba. Na same ta a kan dadduma da carbi. Mun gaisa, ta tambayi yara, ta tambayi kasuwa, ta tambayi sanyi. Na san Auta ta gaya mata komai, amma na ga ya kamata ta ji daga bakina. Na faɗa mata. Na ƙara da cewa abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk cikin jama'ar nan ni Kawu ya zaɓa, ni ya ga hannuna ya isa riƙon amanarsa, ga abin da na yi.

Inna ta ja carbi ɗaya, ta ja biyu, ta ɗago ta dube ni.

"Wane hannu? Ɗan nan, ai ba kai ya ba amana ba, bangon gidanka ya ba. Cewa ya yi kai malalaci ne, inda aka sauke ta nan za ka bar ta."